Yadda Shugaba Zai Gane Salonsa, Ya Kuma Sa Mutanensa Su Riƙa Gaya Masa Gaskiya

Duk wanda aka ɗora wa nauyin jagorancin mutane yana da salon da yake tafiyar da su, ko ya zauna ya tsara shi ko bai taɓa kawo shi a ransa ba, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe da yake gane wannan salo. Waɗanda suke ƙarƙashinsa sun gama karantarsa tun a makonnin farko. Sun san ranar da ake tunkararsa da ranar da ake kauce masa, sun san maganar da take faranta masa rai da wadda take sa ya murtuke fuska, sun kuma san wanda yake saurara da wanda yake yi wa kunnen uwar shegu. Da wannan sanin suke tace abin da za su kawo masa da abin da za su ɓoye.

Shi ya sa nake ganin babu ma'aunin da ya fi nuna kusancin shugaba da mutanensa kamar tsawon lokacin da labari marar daɗi yake ɗauka kafin ya iso gare shi. Idan matsala tana zuwa maka tun tana ƙarama, daga bakin wanda ya fara ganinta, to kana kusa da mutanenka. Idan kuwa sai ta girma ta fashe kake jin labarinta, wani lokaci ma daga bakin mutanen waje, to akwai tazara a tsakaninku, ko da kuwa kuna gaisawa da fara'a kowace safiya. Matakan da za su biyo baya duk a kan rage wannan tazara suke.

Mataki na farko: ka sa wa kanka ido na makonni biyu

Kafin ka sauya komai, ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abin da ka aikata a zahiri, domin abin da mutum yake zaton yana yi da abin da yake yi sukan bambanta. A ƙarshen kowace rana ka amsa 'yan tambayoyi. Shawarwari nawa aka yanke yau, kuma nawa ne daga cikinsu ka yanke kai kaɗai? A taron da aka yi, wa ya fara faɗin ra'ayinsa, kuma kashi nawa na lokacin kai ne kake magana? Da aka kawo maka kuskure, mene ne kalamin farko da ya fito daga bakinka? Aikin da ka ba wani, ka bar shi ya kammala ko ka karɓe daga hannunsa tun bai yi nisa ba? Ka fi mai da hankali ga ranakun da aiki ya matse, domin a ranar da komai yake tafiya daidai kowa mai haƙuri ne, ainihin salon mutum kuwa yana bayyana ne lokacin da wa'adi ya ƙure.

Akwai wani tsohon bincike da zai taimaka maka wajen fassara abin da ka rubuta. A shekarar 1939, Kurt Lewin da abokan aikinsa Ronald Lippitt da Ralph White sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Jami'ar Iowa ta Amurka, inda suka raba yara maza 'yan kimanin shekara goma zuwa ƙananan ƙungiyoyin aikin hannu, kowace ƙungiya da babban mutum a matsayin jagora. Wani jagoran yana ba da umarni shi kaɗai, wani yana shawara da yaran kafin a yanke hukunci, wani kuma ya sakar musu ragama baki ɗaya. Ƙungiyar mai umarni ta yi aiki sosai muddin yana tsaye a kansu, amma da zarar ya fita daga ɗakin sai aikin ya ja baya. Ƙungiyar mai shawara ta ci gaba da aikinta ko ba ya nan. Waɗanda aka sakar wa ragama kuwa su ne suka fi ƙarancin abin nunawa. Abin da ya fi jan hankalina a gwajin shi ne an riƙa sauya jagororin, mutum ɗaya ya yi wannan salo ya koma ya yi wancan, kuma halayen yaran suka riƙa bin salon da aka yi musu. Ashe ke nan salo abu ne da ake koya a kuma gyara, don haka babu dalilin da zai sa shugaba ya fake da cewa haka Allah ya yi shi.

Ka ƙara tambaya ɗaya a littafin naka: ranar da ba ka zo ba, aiki yana tafiya ko yana tsayawa?

Mataki na biyu: ka tambayi waɗanda suke ganin abin da ba ka gani

A 1955 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun zana wani tsari mai gida huɗu da ake kira tagar Johari. Gida ɗaya na abin da kai da mutane kuka sani game da kai ne, ɗaya na abin da ka sani ka ɓoye, ɗaya na abin da babu wanda ya sani tukuna, na huɗun kuma na abin da mutane suka sani game da kai amma kai ba ka sani ba. Wannan na huɗun shi ne yake girma yayin da muƙamin mutum yake ɗagawa, saboda masu iya gaya masa gaskiya suna raguwa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka hau naka ka hango na wani.

Yadda ka yi tambayar shi zai yanke irin amsar da za ka samu. Idan ka ce wa ma'aikacinka, "Yaya kake ganin shugabancina?" zai ce maka, "Ai babu laifi, yallaɓai," kuma ba ka ƙaru da komai ba. Ka ƙuntata tambayar ta yadda amsa ta zama mai sauƙin bayarwa: "Wane abu ɗaya ne nake yi da yake jinkirta maka aiki?" ko kuma "A taron jiya, da me ya kamata in yi daban?" Ka zaɓi mutum uku ko huɗu, kuma ka tabbatar a cikinsu akwai wanda ba ku cika shiri ba. Bayan ka yi tambayar ka yi shiru, ko da shirun ya yi tsawo har ya fara damunka, domin mutumin yana auna ko da gaske kake.

Na taɓa yi wa wata ma'aikaciya irin wannan tambaya a wani wuri da na yi aiki. Ta daɗe tana jujjuya biron da ke hannunta kafin ta ce, "Yallaɓai, idan muna yi maka bayani kana duba wayarka, sai mu ɗauka ka gama da mu, mu taƙaita." Na buɗe baki zan ce ai saƙon aiki nake dubawa, sai na tuna cewa idan na kare kaina sau ɗaya ba za ta sake gaya mini komai ba. Na yi mata godiya, kuma daga ranar na fara kife wayar a kan tebur idan wani ya shigo. A makonnin da suka biyo baya na ji matsalolin da suka daɗe suna nan ban taɓa jin su ba, domin a da ana yanke bayanin ne kafin a kai gare su.

Ƙa'idar ke nan: ka yi godiya, kada ka yi bayani, kada ka nemi a kawo maka hujja, sannan ka gyara abu ɗaya da kowa zai gani da idonsa.

Mataki na uku: ka duba zaton da kake yi wa mutane

A 1960 masanin harkar gudanarwa Douglas McGregor ya bayyana cewa shugabanni suna tafiya ne a kan ɗaya daga cikin zato biyu. Wasu suna ɗauka mutane ba sa son aiki sai an tsare su, wasu kuma suna ɗauka mutane suna son yin aiki mai kyau idan an ba su dama da kayan aiki. Wanda ya ɗauki zato na farko zai cika wurin da sa ido da neman izini a kan kowane ƙaramin abu, mutane su daina amfani da hankalinsu tunda ba a buƙatarsa, shi kuma ya ga haka ya ce ai dama ya faɗa. Ka duba dokokin da ka kafa ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi kanka wanne ne ka kafa saboda laifin mutum ɗaya amma kowa yake ɗaukar nauyinsa.

Mataki na huɗu: ka ware wa kowa lokacinsa

Taron jama'a ba ya maye gurbin zama da mutum shi kaɗai. Ka ware wa duk wanda yake amsa maka kai tsaye rabin awa zuwa awa ɗaya, kowane mako idan sabo ne, kowane mako biyu idan ya ƙware. Andy Grove, wanda ya shugabanci kamfanin Intel, ya riƙa jaddada cewa irin wannan zama na ma'aikaci ne, shi ne zai zo da abubuwan da za a tattauna, shugaba kuma aikinsa sauraro da tambaya. Na yarda da wannan ƙwarai, domin da zarar shugaba ya mayar da zaman wurin karɓar rahoto, ma'aikaci zai riƙa zuwa da shirin kare kansa.

Ka fara da abin da ya kawo. Idan ya gama, ka tambaye shi abin da yake tare masa hanya a yanzu, da abin da yake gani a wurin aikin wanda yake zaton ba ka sani ba, da kuma inda yake son ya kai nan da shekara ɗaya ko biyu. Ka rubuta duk alkawarin da ka ɗauka a gabansa, kuma zama na gaba ka fara da shi, ko ka cika ko ba ka cika ba. Idan ba ka cika ba ka faɗi dalili. Alkawarin da aka manta yana rage wa shugaba ƙima fiye da buƙatar da aka ƙi a fili, domin wanda aka ce wa a'a ya san matsayinsa, wanda aka manta da shi kuwa yana ta jira.

Kada ka riƙa ɗage wannan zama. Idan ka ɗage shi sau biyu a jere, mutumin ya fahimci matsayinsa a wurinka ba tare da ka furta komai ba. Game da rayuwarsa ta wajen aiki kuma, ka bar shi ya buɗe ƙofar gwargwadon yadda yake so. Wani zai ba ka labarin iyalinsa tun ranar farko, wani zai yi shekara bai ambaci gidansa ba, kuma dukansu suna da haƙƙin yin haka. Abin da ya hau kanka shi ne ka riƙe abin da aka gaya maka, ka tambaya game da majinyacin da aka ambata maka makon jiya, kuma kada sirrin wani ya fita ta bakinka.

Mataki na biyar: ka daidaita salonka da mutum da kuma aikin da ke gabansa

A 1969 wasu masana harkar shugabanci, Paul Hersey da Ken Blanchard, sun gabatar da ra'ayin cewa salon da ya dace yana bin ƙwarewar mutum da himmarsa a kan takamaiman aiki. Wanda bai san aikin ba yana buƙatar a gaya masa abin da zai yi dalla-dalla. Wanda ya fara iyawa amma gwiwarsa ta fara sanyi yana buƙatar bayani da ƙarfafawa. Wanda ya iya amma yake shakkar kansa yana buƙatar a yi shawara da shi a bar masa hukunci. Wanda ya iya kuma yake da himma a bar masa aikin, a yarje kan sakamako da ranar da za a duba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi wa mutum tambari ɗaya. Ma'aikacin da ya shekara goma yana gyaran injuna gwani ne a can, amma ranar da ka ce ya rubuta kasafin kuɗin sashensa ya koma ɗan koyo, kuma idan ka sakar masa kamar yadda ka saba za ka jefa shi cikin kunya. Haka nan idan ka tsaya a kan gwani kana nuna masa abin da ya fi ka sani, zai ɗauka ba ka amince da shi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambaya a lokacin ba da aikin: "Ka taɓa yin irin wannan? Kana so mu bi shi tare a karon farko, ko in bar ka mu haɗu ranar Alhamis?" Ka kuma fayyace iyakar ikon da ka ba shi, wato ko zai yanke hukunci ya sanar da kai daga baya, ko zai kawo maka shawara kai ka yanke. Rigingimu da yawa tsakanin shugaba da mabiyi daga rashin fayyace wannan suke tasowa.

Mataki na shida: ka gyara abin da kake yi a minti na farko bayan an kawo maka mummunan labari

Duk matakan baya suna iya rushewa a nan. Ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen sama biyu ƙirar Boeing 747 sun yi karo a kan titin tashi na filin jirgin Los Rodeos da ke tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, cikin hazo mai kauri, mutum 583 suka rasu. Na'urar naɗar murya ta nuna cewa injiniyan ɗaya daga cikin jiragen, na kamfanin KLM, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya bar titin, matuƙin kuwa, wanda babban malami ne mai horar da matuƙa a kamfanin, ya amsa da tabbaci ya ci gaba da gudu. Dalilan hatsarin suna da yawa, har da rikicewar sadarwa da hasumiyar da ke kula da tashi da saukar jirage, amma wannan hatsari da wasu irinsa sun sa harkar sufurin sama ta fara horar da ma'aikatan jirgi musamman a kan yadda ƙarami zai faɗi damuwarsa a fili da yadda babba zai saurare shi. An gane cewa ƙwarewar shugaba ba ta wadatar idan na kusa da shi suna jin nauyin maimaita abin da suka gani.

Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta ci karo da wani abu makamancin haka a shekarun 1990, lokacin da take nazarin kurakuran ba da magani a asibitoci. Ta yi zaton ƙungiyoyin ma'aikatan jinya mafi kyau za su fi ƙarancin kuskure a rubuce, sai ta tarar su ne suka fi yawan rahoton kuskure, saboda a cikinsu mutum yana iya cewa ya yi kuskure ba tare da tsoron wulaƙanci ba. Daga baya kamfanin Google ya yi nazarin ƙungiyoyinsa 180 a wani bincike da ya fara a 2012, ya kuma samu cewa wannan kwanciyar hankali ta faɗin gaskiya ita ce kan gaba cikin abubuwan da suka bambanta ƙungiyoyi masu nasara. Don haka idan ba a kawo maka rahoton kuskure ko kaɗan, kada ka yi murna tukuna.

A aikace, ga abin da za ka yi. Idan mutum ya shigo ya ce, "Yallaɓai, an samu matsala," ka ajiye abin da ke hannunka ka dube shi. Kalamanka na farko su zama na godiya da ya zo da wuri. Tambayarka ta farko ta zama a kan abin da ya faru da abin da za a iya cetowa yanzu, domin tambayar wanda ya jawo tana iya jira har gobe, kuma idan ka fara da ita, ka koya wa duk wanda ya ji cewa kawo labari yana da tsada. Idan ranka ya ɓaci, ka faɗa a sarari cewa kana buƙatar ɗan lokaci, ka dawo bayan ka huce. A masana'antun Toyota an ba ma'aikaci ikon jan igiyar da ake kira andon idan ya ga aibi a kan layin haɗa mota, shugaban rukuninsa ya zo nan take su duba tare, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Igiyar ba ta da amfani idan wanda ya ja ta yana shan faɗa, kuma haka abin yake ga duk shugaban da ke cewa ƙofarsa a buɗe take.

Wannan ba ya nufin a bar sakaci ya wuce. Akwai bambanci tsakanin wanda ya yi kuskure cikin ƙoƙari ya kuma kawo da kansa, da wanda ya karya ƙa'idar da ya sani ya ɓoye. Na biyun shi ya cancanci hukunci, kuma ya kamata kowa ya fahimci cewa ɓoyewar ce ta fi jawo masa. Kai ma idan ka yi kuskure ka faɗa a gabansu da kalmomi masu sauƙi: "Shawarar da na yanke makon jiya ba daidai ba ce, ga abin da za mu yi yanzu." A taro kuma ka riƙa jinkirta faɗin ra'ayinka har ƙananan ma'aikata su faɗi nasu, domin da zarar ka yi magana sauran za su karkata inda ka karkata.

Mataki na bakwai: ka yi gyara a keɓe, ka kuma kula da adalci

Idan za ka yi wa mutum gyara, ka yi shi kusa da lokacin da abin ya faru, kuma ku biyu kaɗai. Ka ambaci lokacin, ka faɗi abin da ka gani, ka faɗi abin da ya haifar, sannan ka ji ta bakinsa. "A taron safiyar nan ka katse abokin aikinka sau uku, daga nan bai sake magana ba, kuma shi ne yake da alƙaluman da muke buƙata. Me ya faru?" Wannan magana ce da mutum zai iya aiki da ita. Idan kuwa ka ce masa ba shi da ladabi, ka taɓa mutuncinsa, kuma da mutuncinsa zai tsaya yi maka gardama. Yabo ma haka yake son a fayyace shi, domin "sannu da ƙoƙari" da ake gaya wa kowa ba ya nuna wa mutum abin da zai maimaita.

Sai batun 'yan gaban goshi. Kowane shugaba yana da waɗanda jininsu ya haɗu, kuma wannan ba laifi ba ne, amma yana zama laifi idan su kaɗai suke samun labari da wuri, da ayyukan da ke ɗaga mutum, da uzuri idan sun makara. Ka ɗauki jerin sunayen mutanenka ka rubuta a gaban kowane suna yaushe rabon da ka zauna da shi, da aiki mai muhimmanci na ƙarshe da ka ba shi. Sunayen da ka rasa abin rubutawa a gabansu, da su za ka fara a mako mai zuwa.

Bayan wata uku, ka koma ga mutanen da ka tambaya a mataki na biyu ka sake yi musu tambayar, ka ƙara da cewa, "Abin da ka gaya mini kwanaki, ka ga canji ko har yanzu?" Sannan ka buɗe littafinka ka duba matsaloli uku na ƙarshe da suka taso, ka rubuta ranar da aka fara ganin kowacce, da ranar da ta iso gare ka, da kuma wanda ya kawo ta. Idan kwanakin da ke tsakani ba su ragu ba, ka nemi wanda ya fara ganin matsalar ka tambaye shi cikin natsuwa abin da ya hana shi zuwa tun ranar farko.